DARASI A KAN LAFIYA: RAGGON IDO DA RAGUWAR GANI

A ce akwai wani yaro a birnin Katsina, gidansu wajen Ƙofar Marusa. Shekararsa tara. Idanunsa garau su ke, ba ja, ba kwantsa, bai kuwa taɓa kukan ciwon ido ba. Ran nan da hunturu iska ta watsa masa ƙasa a idon dama, ya sa hannu ya rufe shi. Sai ya tsaya cik, ya ce, "Inna, ba na ganin fuskarki sosai, kamar hazo ya rufe ki." Uwar ta ce, "Kai dai ka cika wasa. Da wane idon?" Ya ce, "Da na hagun."

Aka kai shi asibiti. Likita ya duba, ya sāke dubawa, sa'an nan ya ce, "Hajiya, idon nan ba shi da ciwo. Abin da ya same shi, bai koyi gani ba tun yaron yana ƙarami. Za mu yi ƙoƙari, amma da kun kawo shi yana shekara huɗu, da aikin ya fi sauƙi." Uwar ta ce, "Likita, to, ta ƙaƙa za mu sani, shi kuwa bai taɓa faɗa ba?"

Tambayar uwar nan ita ce darasinmu na wannan wata. Mu bi ta a hankali, gama akwai irin yaron nan da yawa a cikin gidajenmu da makarantunmu.

1. YADDA MU KE GANI

Mutane da yawa suna tsammani ido kaɗai ke gani. Ba haka ba ne. Ido ɗan aike ne kawai. Haske ya kan shiga ta gilashin gaban ido, ya bi ta ɗan ramin nan na tsakiyar baƙin ido, ya ratsa wani ɗan madubi da ke bayansa. Madubin ya tattara hasken, ya zana surar abin da a ke dubawa a kan wata shimfiɗa da ke can bayan ido. Daga nan jijiyar gani ta ɗauki saƙon ta kai shi ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya. Ƙwaƙwalwa ce ke karanta saƙon, ta ce, "Wannan akuya ce, wancan kuwa allo ne."

Idanu biyu ne, saƙo ma biyu ne. Ƙwaƙwalwa ta kan haɗa su su zama sura ɗaya. Ta haka ne mu ke sanin nisa da zurfi, mu zura zare a allura, mu zuba ruwa a kwalba ba mu zubar ba.

Abin lura shi ne, ba a haifar jariri da cikakken gani. Sabon haihuwa ba ya ganin abu sosai sai na kusa, kamar fuskar uwarsa sa'ad da ya ke shan nono. Gani abin koyo ne, kamar tafiya, kamar magana. Ƙwaƙwalwa tana koyonsa da sauri ƙwarai a watannin fari, ta yi ta koyo har yaro ya kai wajen shekara 7 ko 8. Bayan wannan koyon ya kan yi wuya.

2. MENE NE RAGGON IDO?

In ido ɗaya yana aika saƙo mai kyau, ɗayan kuwa yana aika saƙo mai hazo ko mai karkata, ƙwaƙwalwar yaro ba ta iya haɗa su. Sai ta zaɓi mai kyaun, ta ƙyale ɗayan. Yau ta ƙyale shi, gobe ta ƙyale shi, har hanyar da ke tsakaninta da idon nan ta ƙi ginuwa. Kowa ya san yadda turbar gona ta kan yi in an daina binta damina biyu.

Wannan shi ne raggon ido. Likitoci suna ce da shi ambiliyofiya, daga kalmomi biyu na harshen Girka, ma'anarsu "dusasshen gani". A gaskiya sunan nan raggo bai dace da idon ba, gama ba ƙyuya ya yi ba, ƙyale shi aka yi. Ba laifin yaron ba ne kuma, ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. A ƙasashen da aka ƙidaya, a kan sami yara 2 ko 3 cikin kowane 100 suna da shi. Watau a makaranta mai yara 500, ba abin mamaki ba ne a sami goma ko fiye. Yawanci ido ɗaya ya ke kamawa, amma wani lokaci ya kan kama duka biyu.

Don me yaro ba ya faɗa? Domin idon kirkin yana yin aikin duka, shi kuwa bai taɓa sanin wani irin gani dabam ba. Tsammani ya ke haka kowa ya ke gani.

3. ABUBUWA UKU DA KE KAWO SHI

Na fari, karkatar ido. Shi ne abin da a ke kira harara-garke: ido ɗaya yana duban gaba, ɗayan ya karkata wajen hanci, ko wajen kunne, ko sama, ko ƙasa. Saƙo biyun ba su zama daidai ba. Babban mutum in wannan ya same shi, sai ya riƙa ganin abu bibbiyu. Amma ƙwaƙwalwar yaro ta kan kashe saƙon karkataccen idon don ta huta. A watanni uku ko huɗu na fari idon jariri ya kan ɗan yi yawo jifa-jifa, wannan ba kome ba ne. Amma in ya wuce haka, ko kuwa in idon a karkace ya ke kullum, kada a ce zai miƙe in ya girma. A kai shi a duba.

Na biyu, bambancin ƙarfin idanu. Wani ido ya kan ɗan yi tsawo, wani ya ɗan gajarta, wani kuwa gilashin gabansa bai yi kewaye daidai ba. Irin wannan ido ba ya tattara haske inda ya kamata, sai sura ta fito da hazo. Tabarau ke gyara shi. In ido ɗaya ne ke bukatar tabarau mai ƙarfi, ɗayan kuwa ba ya bukata, ƙwaƙwalwa sai ta bi mai sauƙin. Wannan iri shi ya fi ɓuya, gama idanun a miƙe su ke, ba alamar kome. Shi ne ya sami yaron da muka yi misali da shi. In kuwa idanun duka biyu suna bukatar tabarau mai ƙarfi ƙwarai ba a ba su ba, duka biyun su kan yi rauni.

Na uku, abin da ya tare haske. Wani jariri a kan haife shi da yana a ido. Wani lokaci gado ne, wani lokaci kuwa wata cuta mai kama da ƙyanda, wadda a ke kira rubela, ita ce ta kama uwar da sabon ciki. Wani yaro fatar idonsa ta sama ce ta sauko ta rufe baƙin ido. Wani kuma hakiya ce ta zauna a gilashin gaban ido bayan ƙyanda ko rauni. Wannan iri na uku bai kai sauran yawa ba, amma ya fi su muni, ya kuma fi su gaggawa. Yanar da aka haifi jariri da ita, in mai kauri ce, so a ke a cire ta cikin makonni shida zuwa goma na farkon ransa. In aka jira sai an yaye shi, ko an cire yanar ganin ba ya cika komowa sosai.

Yaran da aka haifa bakwaini, da waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi, da waɗanda a danginsu akwai mai harara-garke ko mai tabarau mai kauri tun yana yaro, su ne ya kamata a fi sa wa ido.

Gargaɗi: in an ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro, ko da a hoto ne kawai ya fito, a kai shi asibitin ido cikin makon nan. Mai yiwuwa yana ce, mai yiwuwa kuma wata ciwon daji ce ta cikin ido, wadda ke kashe yara in an yi jinkiri, tana kuwa warkewa in an kama ta da wuri.

4. YADDA AKA GANE TUSHEN ABIN

Tun dā likitoci sun san akwai idon da ba ya gani alhali ba ciwo a cikinsa. A shekarar 1743 wani masani Bafaranshe, sunansa Buffon, ya ba da shawara a riƙa rufe idon kirki don a tilasta wa raunanan aiki. Amma ba a san ainihin inda ɓarnar ta ke ba sai bayan shekara fiye da 200.

Masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, su ne suka gano. Suka rufe ido ɗaya na 'yan kyanwoyi tun suna sababbin haihuwa. Bayan wajen wata uku suka buɗe. Idon lafiya lau, amma 'yar kyanwar ba ta gani da shi. Da suka auna ƙwaƙwalwa, sai suka tarar kusan dukan wurin gani ya koma yi wa ɗaya idon aiki. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya sami ganinta. Suka buga wannan a 1963, a 1981 kuwa aka ba su lambar girma ta Nobel. Aikinsu ya tabbatar da abin da Bahaushe ya daɗe yana faɗi, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

5. YADDA ZA A GANE SHI

Uwa tana iya gwada ɗanta a gida. Ta ba shi abin wasa, ta rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, sa'an nan ɗayan. In ya yi shiru da aka rufe na hagu, amma ya yi kuka yana ture hannu duk sa'ad da aka rufe na dama, to, mai yiwuwa da na daman kaɗai ya ke gani. Ga waɗansu alamu kuma: karkatar da kai in zai dubi abu, runtse ido ɗaya cikin rana, kawo littafi dab da fuska, yawan tuntuɓe, da kasa cafe ƙwallo.

Malamin makaranta yana iya yin fiye da haka. Akwai allon gwajin ido mai manyan baƙaƙe a sama, ƙanana a ƙasa. Wani likita a ƙasar Holan, Herman Snellen, shi ya ƙago shi a 1862. Akwai irin da aka yi domin wanda bai iya karatu ba, baƙi ɗaya ne tak, E, ana jujjuya shi, yaro ya nuna da yatsu inda ƙafafunsa suka fuskanta. A rataye allon a wuri mai haske, yaro ya tsaya nisan mita 6, watau ƙafa 20. A gwada kowane ido shi kaɗai, a rufe ɗayan da kyau, a lura kada ya leƙa ta tsakanin yatsu, gama yara suna da wayo.

In likita ya rubuta 6/6, gani cikakke ne. In ya rubuta 6/18, ma'anarsa abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 18, wannan sai ya matso mita 6. Wanda idonsa mafi kyau bai kai 3/60 ba, shi ne a ke lissafa makaho. In ido ɗaya ya kasa ɗan'uwansa da layi biyu ko fiye a allon, a aika da yaron wurin likitan ido. Lokacin da ya fi kyau a yi gwajin nan shi ne tsakanin shekara 3 da 5, kafin a sa yaro makaranta.

6. MAGANINSA

Da fari a kan kawar da dalilin. In yana ce, a cire ta. In tabarau ne, a auna a ba shi, ya riƙa sawa kullum. Waɗansu iyaye suna tsoro wai tabarau zai ƙara lalata idon yaro. Ba gaskiya ba ne, rashinsa ne ke lalatawa. Yara da yawa tabarau kaɗai ya kan ishe su cikin wata uku ko huɗu.

In bai isa ba, sai a manna filasta a rufe idon KIRKI, don ƙwaƙwalwa ta rasa yadda za ta yi sai ta saurari raunanan. Mu lura, mai kyaun a ke rufewa. Dā a kan rufe shi yini guda. Amma binciken da likitocin yara suka yi a Amurka a 2003 ya nuna awa 2 kowace rana ta isa in raunin matsakaici ne, mai tsanani kuwa wajen awa 6. In yaro ya ƙi filasta, akwai maganin ɗigawa mai suna atirofin, wanda ke sa idon kirkin ya ɗan yi hazo na 'yan kwanaki. Likita ne kaɗai zai ba da shi, ya kuma faɗi awa nawa za a rufe, gama in an wuce kima idon kirkin ma ya kan raunana.

Aikin nan na iyaye ne. Yaro zai yi kuka, abokansa za su yi masa dariya, kaka za ta ce a ƙyale jikanta ya huta. A lallashe shi, a ba shi zane ko tsintar wake ya yi sa'ad da idon ke rufe, a gaya wa malaminsa. Watanni a kan yi, wani lokaci har shekara biyu. Bayan an daina ma a riƙa komawa asibiti, gama wajen yaro 1 cikin 4 abin ya kan komo masa a shekarar fari. Aikin tiyata na miƙe karkataccen ido yana gyara kamanni, amma shi kaɗai ba ya koya wa ido gani.

Wanda ya wuce shekara 8 fa? Kada a fid da zuciya. Wani bincike na 2005 ya nuna yara da yawa masu shekara 7 zuwa 12 sun sami ƙaruwa, har da waɗansu 'yan shekara 13 zuwa 17 waɗanda ba a taɓa yi musu magani ba. Babban da ya riga ya girma da shi kuwa, ya tsare idon kirkinsa kamar ransa. In maƙeri ne, ko mai walda, ko mai fasa dutse, ya sa gilashin tsaro, gama ba shi da na biyu da zai dogara gare shi.

7. SAURAN ABUBUWAN DA KE RAGE GANI

Ba kowace raguwar gani ba ce raggon ido. Raggon ido da ƙuruciya ya ke farawa. Babban da ganinsa ya fara raguwa yanzu, wani abu ne dabam ke damunsa.

Daga 2005 zuwa 2007 an bi Nijeriya duka an duba idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar 4 cikin kowane 100 makafi ne. Cikin makantar nan, kashi 43 cikin 100 yanar ido ce ta kawo, wajen kashi 17 kuwa hawan jinin ido ne. Kashi 84 cikin 100 makanta ce wadda da an iya hana ta ko a warkar da ita. Shiyyar Arewa maso Yamma, inda Katsina ta ke, ita ta fi kowace yawan makafi.

Rashin tabarau. Shi ya fi kome rage wa mutane gani, ko da ya ke bai cika kai su ga makanta ba. Wanda ya haura shekara 40 ya ga sai ya nisanta takarda kafin ya karanta, tsufan madubin ido ne, tabarau na karatu ya ishe shi.

Yanar ido. Madubin cikin ido ne ya yi fari. Aiki ɗan kaɗan ne a asibiti, a cire shi a sa na roba. Kada a yarda da masu yawo ƙauyuka suna tura yana da tsinke, gama idanu da yawa sun mutu a hannunsu.

Hawan jinin ido. Yana cin jijiyar gani a ɓoye, daga gefe zuwa tsakiya, yawanci ba zafi. Abin da ya ci ba ya komowa, amma ana iya tsai da shi. Wanda ya kai 40, balle in akwai shi a dangi, ya je a auna.

Amosanin ido. Ƙuda da ƙazamin hannu da tsumma ke yaɗa shi. In ya daɗe, gashin ido ya kan juya ciki yana gogar ido har ya yi hakiya. Wanke fuskar yara kullum da yin masai su ne rigakafinsa.

Ƙyanda da rashin bitamin A. Alamar fari ita ce dundumi. A yi wa yara allurar rigakafi, a karɓi ɗigon bitamin A, a ba su manja, da zogale, da kabewa, da karas, da mangwaro, da gwanda, da hanta, da ƙwai.

Ciwon sukari. Yana ɓata ƙananan jijiyoyin jini na bayan ido. Mai shi ya kai idonsa a duba kowace shekara.

Maganin da ba na likita ba. Ruwan ganye, da ruwan sukari, da nono, da fitsari, ba ɗaya da ya kamata ya shiga ido. Haka kuma maganin ɗigawa da a ke saya a kemis don ƙaiƙayin ido, waɗansu in an daɗe ana ɗiga su suna kawo yana da hawan jinin ido, har ga yara.

8. INDA ZA A JE

A birnin Katsina akwai Asibitin Ido na jiha, akwai kuma sashen ido a Asibitin Koyarwa na Tarayya. A 2019 gidauniyar Noor Dubai ta fara aikin ido tare da gwamnatin jiha, har da duba idanun 'yan makaranta. A Kano, tafiyar wajen kilomita 170, akwai Asibitin Ido na ECWA wanda aka buɗe tun 1943. A Kaduna kuwa akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Alhamis ta biyu ta watan Oktoba kowace shekara ita ce Ranar Gani ta Duniya, lokaci ne mai kyau da malamai za su gwada yaran ajinsu.

TAMBAYOYI

1. Ido ne ke gani, ko ƙwaƙwalwa? Bayyana.
2. Faɗi abubuwa uku da ke kawo raggon ido. Wanne ya fi ɓuya, wanne ya fi gaggawa?
3. Wane ido a ke rufewa, don me kuma?
4. Mene ne ma'anar 6/18?
5. Me za ka ce wa maƙwabcin da ya ce idon ɗansa zai miƙe in ya girma?

Aikin wannan wata: kowane mai karatu ya gwada idanun yaran gidansu ɗaya ɗaya, shi ma ya gwada nasa. In ya ga bambanci tsakanin dama da hagu, ya kai yaron asibitin ido kafin wata ya ƙare.